Addinin da Ba a Jefa Gunkinsa a Kogi Ba

Duk wanda ya tashi a garuruwan da ke bakin Dajin Rugu, tun daga Ruma da Wagini a ƙasar Batsari har zuwa Runka da Zakka a ƙasar Safana, ya san wasu dokoki waɗanda ba malamin allo ne ya koya mana su ba, ba kuma na boko ba. Ba a zama gindin tsamiya da rana tsaka. Ba a watsa ruwan zafi a ƙasa da dare sai an yi bisimilla. Ba a yin fito bayan magariba. In guguwa ta taso tana juyi a fili, sai a ba ta hanya. Idan muka matsa da tambayar dalili, amsar tsofaffin mata ba ta wuce guda: "Ku tashi daga gindin icen ga, akwai masu wuri." Ba su faɗin sunan masu wurin. Su kuwa mata ne masu yawan nafila, tazbaha ba ta barin hannunsu, da wani zai ce musu wannan magana ta girmi zuwan Musulunci ƙasar nan, da sun ce ya yi musu ƙazafi.

Mu da abincinmu ya faɗa a sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan gado. Sau da yawa akan miƙa maka tsohuwar manhaja wadda mai rubuta ta ya daɗe da barin aiki, bai kuma bar bayani ba. Kana dubawa sai ka ci karo da wasu layuka da ba ka ga amfaninsu ba, amma kowa na tsoron goge su don ba a san me zai rushe ba. Dokar tsamiya da ta ruwan zafi irin waɗannan layukan ne. An tsara su ne don wani addini da ya taɓa tsayuwa da ƙafafunsa, da ranakunsa, da masu jagorantarsa, da dabbobin da ake yankawa.

Abin da ya tayar mana da wannan zance karatu ne da ya kai mu nesa da gida, can gabashin Turai, wurin mutanen da ake kira Silafawa, wato kakannin Rashawa da mutanen Yukiren da Folan da Sabiya, waɗanda Larabawa marubuta labarin ƙasashe ke kira Saƙaliba. Su ma ba su bar ko shafi ɗaya da suka rubuta da hannunsu game da addininsu na farko ba. Abin da aka sani, daga bakin baƙi ne ko daga bakin waɗanda suka rushe shi. Wani marubucin Rumawa na ƙarni na 6 mai suna Procopius ya ce suna bauta wa ubangiji guda mai walƙiya, suna yanka masa shanu, suna kuma girmama koguna. Littafin tarihin Kiyef na farko, wanda malaman Kirista suka tattara a farkon ƙarni na 12, ya ce a shekarar 980 sarki Biladimir ya kafa gumaka shida a kan tudu kusa da fadarsa. Babbansu Ferun, ubangijin tsawa, jikinsa na itace, kansa na azurfa, gashin bakinsa na zinariya. A 988 sarkin nan ya karɓi Kiristanci, ya sa aka ɗaure Ferun a wutsiyar doki, mutum goma sha biyu na dukansa da sanduna, aka ja shi har bakin kogin Dinifa aka jefa.

Na ƙarshen manyan ɗakunan tsafinsu ya kai 1168, a Arkona, a kan wani tsibiri da ke arewacin Jamus ta yau. A can gunkin yana da kai huɗu, yana riƙe da ƙaho cike da abin sha. Kowace shekara bayan girbi mai tsafin zai leƙa ƙahon: in abin ciki ya ragu, a tattala hatsi, shekara mai zuwa ba ta da kyau. Sarkin Denmak ya ci garin da yaƙi, aka sare gunkin, aka faskara shi, sojoji suka dafa abinci da shi.

Da muka kai nan sai muka tsaya muka tambayi kanmu: to mu fa, wace shekara ce tamu? Wace rana ce aka ja gunkin Katsinawan yamma zuwa bakin gulbi? Babu wannan ranar, kuma rashinta shi ne tarihin. Addinin kakanninmu na karkara ba shi da mutum-mutumin da za a ɗaure a wutsiyar doki. Yana cikin gona, da dutse, da ice, da rumbu. Wanda ya so ya rushe shi a yini ɗaya sai ya rasa inda zai sa gatari.

Ga yadda yake, gwargwadon abin da waɗanda suka zauna da masu yinsa suka rubuta. Kuma sun zauna ne a wuraren da suka kewaye mu: Joseph Greenberg a ƙauyukan Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946, Murray Last a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, Guy Nicolas kuwa a kwarin Maraɗi, inda ake ce musu Anna ko Arna, babban littafinsa ya fito a 1975. Abu na farko da zai ba mai karatu mamaki shi ne Bamaguje bai musanta Allah ba. Ya san shi ne ya yi sama da ƙasa, yana rantsuwa da shi, yana kiran sunansa a gaisuwa. Sai dai a ganinsa Allah ya yi nisa, ba a yi masa yanka, ba a kai masa ƙarar ciwon ciki ko ta tsutsar gero. Waɗanda ke kusa, masu sa hannu a rayuwar yau da gobe, su ne iskoki. Su ke kawo ciwo, su ke ɗauke shi, su ke sa gona ta yi ko ta ƙi.

Iskokin nan ba taron inuwa ba ne, kowanne da sunansa da halinsa da abin da yake so. Akwai Kure, akwai Inna wadda ake wa laƙabi da Uwar Gona ko Doguwa don gudun kiran sunanta kai tsaye, akwai Gajimare mai zama a rijiya da tururuwa wanda ake gani a bakan gizo, akwai Sarkin Rafi, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci. An raba su farfaru da babbaƙu, na gida da na daji. Kowanne da kalar dabbarsa: jan bunsuru ko jan zakara ga Kure, baƙar akuya ga Doguwa. Iska jini take sha, naman kuwa na mutanen gida ne, a dafa a ci, a kora da giya.

Abin lura shi ne wanda ke riƙe da wuƙar. Ba wani ne da aka keɓe a ɗakin tsafi ba, maigida ne, manomi kamar kowa. Wurin yankan ma ba gini ba ne: gindin wata bishiya ce, ko wani dutse, ko icen da aka kafa a cikin gida da ake kira jigo, ko bakin rumbu. Kowace zuriya tana da iskar da ta gada daga uba, ita ce ake ce wa kan gida, tare da abin da aka haramta mata ci ko kashewa. Lokutan yanka kuwa na noma ne: kafin a yi shuka, da lokacin da amfani ya nuna, sai kuma in aure ya taso ko ciwo ya ƙi jin magani. Har yau in aka ce wani abu "kan gidansu ne", wato halin da duk dangin suka gada, muna amfani da kalmar ba tare da mun san an taɓa yanka mata zakara ba.

Inda abin ya fi shafar mu 'yan bakin Rugu shi ne yadda addinin ya raba duniya gida biyu, gari da daji. Gari na mutane ne. Daji yana da masu shi, kuma ba a shigarsa da ka. Manomin da zai sari sabuwar gona aro yake yi, sai ya nemi izini. Maharbi ma haka. A ƙasar Maraɗi da Gobir da Adar akwai bikin buɗin daji, wanda har yanzu ake yi a Massalata kusa da Birnin Ƙonni: kafin a fara farautar shekara manyan Arna za su fita, su yi abin da za su yi, su yi arwa, su dawo su faɗa wa sarki da talakawa yadda damina za ta kasance. Mai tsafin Arkona da ƙahonsa da dattijon Massalata ba su taɓa jin labarin juna ba, amma tambayar da aka ɗora musu guda ce, ta manomin da ruwan sama ke riƙe da wuyansa: bana za mu ci, ko za mu yi ƙaura?

Sarautun wannan tsari ba su mutu duka ba. Sarkin Noma, wanda a yau muke ɗauka sarautar yabo ce ga mai yawan taki, a da sai wanda ya noma dami dubu ya yi bikin dubu, ya rabar da dukiya har ya kusa tsiyacewa, kafin a yarda cewa yana da sirrin ƙasa. Sarkin Dawa, Sarkin Ruwa, Sarkin Maƙera, kowannensu a asali mai riƙe da alkawari ne tsakanin sana'arsa da masu wurin.

Kada mu yi wa abin kwalliyar da ba tasa ba. Rayuwa ce mai cike da tsoro. Yaro ya yi zazzaɓin da allura ɗaya za ta sauke a yau, sai a ƙarar da awakin gida wajen yanka, yaron kuma ya tafi. Zargin maita yakan faɗa kan tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Wanda ya ce zamanin jin daɗi ne zalla, bai taɓa kwana da mai jinya a gidan da babu abin dogaro sai jinin kaza ba.

A birane da fadoji kuwa abin ya ɗan yi kama da na Silafawa, domin inda mulki ya taru, tsafi ma yakan taru wuri guda. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a Dutsen Dala da Tsumburbura, wadda ke cikin wata bishiya da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi, jama'a na kawo baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da bunsuraye. Wannan kam an rushe ta, a zamanin Sarki Tsamiya a ƙarni na 14. A yammacinmu akwai Dutsen Kwatarkwashi, wanda kafin jihadi yake cikin ƙasar Katsina, sananne da tsafin Magiro. A gabas akwai Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, da manyan tuddan kaburburan sarakunan Durɓawa. Labarin da kowane Bakatsine ya sani shi ne na Korau, mutumin 'Yandoto, wanda ya kayar da Sanau na Durɓawa a kokawa bayan an tona masa asirin layarsa, ya yanka shi, ya hau gadon mulki a tsakiyar ƙarni na 15. Ana lissafa Muhammadu Korau a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. To amma duba yadda aka yi da waɗanda aka kayar: ba a shafe su ba. Durɓi ya zauna cikin masu zaɓen sarki, yana nan har gobe. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna yadda sarautar gidan Korau ta daɗe tana tafiya da ƙafa biyu, ɗaya a masallaci, ɗaya a wurin Inna.

Haka aka yi ta tafiya shekara ɗari uku da ɗoriya. Almagili ya zo a ƙarshen ƙarni na 15, Gobarau ta tsaya, Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi zamaninsu a ƙarni na 17, Katsina ta zama garin da ɗalibai ke yi wa tattaki. Duk da haka in fari ya yi tsanani ko yaƙi ya matso, fada ba ta manta hanyar dutse ba. Babu misalin da ya kai na Dirki a Kano. Wani ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, sarakuna na yanka masa shanu shekara da shekaru. Da Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya gaji da ba da shanun, ya sa aka sa masa gatari. Abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. Mun daɗe muna juya wannan labari. Littafin sabon addini ne a ciki, hannun tsohon addini ne ya naɗe shi, kuma waɗanda ke yankan ba su ga wani karo tsakanin biyun ba.

Wannan gaurayen ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa wa'azi. A rubuce-rubucensa, kamar Nurul Albab, ya ambaci masu ikirarin Musulunci da ke yi wa itatuwa da duwatsu yanka, da masu duba. Wato mu ma, kamar Silafawa, wani kaso mai yawa na abin da muka sani ya zo ne ta alƙalamin wanda ya tashi kawar da abin. Bambancin shi ne Shehu da almajiransa ba baƙi ba ne, sun san abin da suke magana a kai tun daga cikin gida. An fara jihadi a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje da abokansa a 1807. Mai karatu zai zaci to ga shekarar da muke nema. A'a. Faɗan masu jihadi da sarakuna ne masu gauraya, ba da manomin da bai taɓa cewa shi Musulmi ne ba. Shi wannan an ba shi matsayi a shari'a, aka karɓi jiziya a hannunsa aka bar shi da gonarsa da giyarsa. Masana da yawa na ganin sunan Maguzawa ma daga Majusu ya fito, wato mutanen Farisa masu bautar wuta waɗanda fiƙihu ya yarda a zauna da su da amana. Fassarar da muka saba ji a bakin kasuwa, wai "ma guje wa salla", ta fi daɗin faɗi, amma ta farkon ta fi bayyana dalilin da ya sa suka kai ƙarni na 20 a tsakiyar daular Musulunci ba wanda ya taɓa su.

Yanzu bari mu dawo gida, domin abin da ya biyo bayan 1807 a kanmu ya sauka. Sarakunan Katsina na gidan Korau da aka kora sun kafa sabuwar fada a Maraɗi, suka tafi da tsarin sarautarsu, har da Iya, macen gidan sarauta da ke shugabantar 'yan bori, kamar yadda Inna take a Tsibirin Gobir. Daga nan suka yi ta kawo hari don ƙwato birninsu, hanyar kuwa ta yammacin Katsina ce. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su a Gawakuke, Sarki Rauda na Maraɗi ya faɗi a fagen daga. Ba a daɗe ba, a zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu ɗan Ummarun Dallaje, garuruwan yankin Ruma suka yi tawaye suka bi Ɗan Mari na Maraɗi. Siddiƙu ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi, garuruwa suka watse, gonaki suka koma kurmi. Shi kansa an tuɓe shi a 1844. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Katsina zuwa Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Ba su bi miƙaƙƙiyar hanya ba don tsoron mayaƙan Gobir, sai suka karkata ta Kuraye da Kurfi, suka sauka Zakka, kafin su ratsa jeji cikin ɗar-ɗar zuwa Zurmi.

Wannan ya sauya mana yadda muke kallon Rugu. Muna yara mun ɗauka dajin nan tun ran gini yake haka, gidan iskoki tun fil azal. Ashe wani sashe nasa kufai ne. A ƙarƙashin wasu kukokin akwai gari, da rijiya, da maƙera, da jigon wani maigida da ya gudu bai waiwayo ba. Addinin da ke manne da wuri kuwa ba ya jure ƙaura. Musulmi in ya gudu ya tafi da alƙiblarsa, ko'ina ya sauka gabas tana nan. Wanda kan gidansa ke gindin wata tsamiya, in aka raba shi da tsamiyar an raba shi da rabin addininsa. A ganinmu yaƙe-yaƙen kan iyaka na ƙarni na 19 sun yi wa tsohon addini a yammacin Katsina ɓarnar da wa'azi kaɗai bai yi ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa a zamaninmu in ana zancen Maguzawan Katsina sai a nufi kudu, wajen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, inda zama ya fi ɗorewa.

Ragowar ta ƙare ne a ƙarni na 20, ba tare da kuwwa ba. Hanyoyi suka buɗe, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi. Murray Last ya lura da cewa sau da yawa fatauci ne ke musuluntar da Bamaguje: wanda ke son ya yi ciniki a kasuwa, a ci yankansa, a ba shi bashi, a ba shi mata a cikin gari, ya san ƙofar da zai bi. Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa tsakanin 1963 da 1965. 'Yan mishan suka sami nasu rabon, shi ya sa a yau akwai Hausawa Kirista masu yawa a kudancin Katsina waɗanda kakanninsu Maguzawa ne. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta bi sauran ɓurɓushin da ya rage cikin Musulmi kansu, ta kira shi da sunan da Shehu ya kira shi. Ba a jefa komai a gulbi ba. Maigida ne kawai ya mutu, 'ya'yansa ba su sake yanka jan zakara ba, gara ta cinye jigon, aka share wurin aka ɗaure akuya.

Amma masu wurin ba su tafi ba, suna suka sauya. A Rasha, bayan an jefa Ferun a kogi, manoma sun ɗora aikin tsawa da ruwan sama a kan Annabi Iliyasu, suka ci gaba da ajiye wa iskar gida abinci a bayan murhu har ƙarni na 19. A wurinmu hanyar ta fi sauƙi, domin Alƙur'ani ya tabbatar da samuwar aljannu. Sai iskoki suka shige cikin wannan suna. Greenberg ya nuna cewa wannan haɗewar ce ta ba su damar zama. A bori har aka sami iska mai suna Malam Alhaji, malami mai tazbaha da tari irin na tsofaffi, wanda farin rago ake yanka masa, aka kuma ɗora Sarkin Aljan Sulaimanu a kan birninsu na Jangare. Bisimillar da kaka ke sa mu yi kafin watsa ruwan zafi tana da wannan fuska biyu: lafazin na Musulunci ne tsantsa, ladabin gargaɗin maƙwabcin da ba a gani kuwa ya riga shi zuwa. Harshenmu ma ya riƙe shaida. Wanda ya haukace mun ce ya yi iska ko iskoki sun taɓa shi, marar kunya mun ce ɗan iska, abin banza mun ce aikin iska. Kalmar da ake yi wa yanka ta koma zagi.

Mutum biyu ne ke ba mu tsoro a kan wannan tarihi. Na farko shi ne mai cewa a rufe zancen, tona shi tallata shirka ne. Muna ganin ya manta cewa malaman Musulunci na farko su ne suka adana labarin jahiliyyar Larabawa. Ibnul Kalbi littafi guda ya rubuta a kan gumakan Larabawa, ba wanda ya ce ya yi ridda. Wanda bai san abin da Shehu ya tarar ba, ba zai gane girman abin da ya yi ba. Na biyu ya fi sabunta, kuma a wayoyinmu yake zaune. Shi ne mai jin haushin cewa Girkawa da Yarabawa suna da jerin alloli masu hotuna, mu ba mu da su, sai ya zauna ya ƙirƙiro. Muna ganinsu a Facebook da TikTok, an sa manhajar zane ta fitar da Tsumburbura da kambin zinariya da fukafukai, an jera mata miji da 'ya'ya da tarihin da babu shi a ko'ina. Silafawa sun riga mu faɗawa wannan rami. A shekarun 1950 wata mujallar Rashawa mazauna Amurka ta buga wani abu da aka ce tsohon littafin addininsu ne da aka samu a rubuce a kan alluna, Littafin Beles. Masana harshe sun nuna jabu ne, nahawunsa bai dace da na kowane zamani ba, amma har yau akwai masu rantsuwa da shi. A sana'armu mun san cewa gurbin da aka bari babu komai ya fi gurbin da aka cika da bayanan ƙarya, domin na farkon kowa ya gan shi ya san da sauran aiki.

Aikin kuwa a bakin tsofaffi yake, kuma lokaci ba ya jira. Waɗanda suka ga ƙarshen abin da idonsu, maharban da suka san wane dutse ne ba a hawa da takalmi, matan da suka san waƙar da ake yi in ruwa ya ɗauke, yawancinsu sun haura saba'in. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun mayar da Rugu mafaka. Ƙauyuka da dama na Batsari da Safana sun tashi, wasu sun koma sun sake tashi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu biyun, muka yi watanni muna rubuta manhaja a birni ba mu iya jin muryar iyayenmu. Kufai na sake yaɗuwa a daidai inda ya yaɗu a zamanin Siddiƙu. Wani abin takaici kuma, daga cikin dukan ilimin dajin nan, sashen da kasuwarsa ke ci yanzu shi ne na layu da guraye da maganin ƙarfe, ɓarayi na nema, 'yan sa-kai na nema. Sashen da ke cewa daji yana da haƙƙi, akwai lokacin shiga, akwai abin da ba a kashewa, shi ba mai tambayarsa.

Kwanan baya a Katsina, a wani gida da 'yan gudun hijira daga yankinmu suka cika, wata tsohuwa ta ga jikanta zai juye ruwan tukunya a tsakar gida bayan isha'i. Ta daka masa tsawa, ta ce ya yi bisimilla, kada ya ƙona mutanen daji. Yaron, wanda bai wuce shekara bakwai ba, ya saki tukunyar ya ruga ɗaki ya ɓuya bayan uwarsa. Shi a saninsa mutanen daji su ne masu zuwa a kan babura.